ZAƁEN MAKARANTA GA MAI NEMAN LASIN TUƘIN JIRGI MAI SAUKAR UNGULU: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da Malaman ofisoshinsu a Babura ta ƙasar Ringim, da Kazaure da Roni da Gwiwa ta ƙasar Kazaure. Dalili kuwa shi ne, samarin da suka gama sakandare, ko suka fito daga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura cikin 2021, wasunsu suna da sha'awar koyon tuƙin jirgin sama. Iyayensu kuwa ba su da wurin neman shawara da ya wuce ƙofar Hakimi. A nan a ke sa hannu kan takardar shaidar asali, a nan kuma a ke shaida cinikin gona in uba ya ƙudura sayar da ita don biyan kuɗin makaranta. Saboda haka ya kamata wanda za a nemi shawararsa ya san yadda sha'anin ya ke tun daga tushe.

1. JIRGIN DA LASINSA

Jirgin sama ba baƙo ba ne a wannan yanki. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano daga Masar, su ne na farko da suka sauka birnin. Amma waɗannan masu fukafukai ne, sai da fili mai tsawo su ke tashi da sauka. Helikwafta, wanda Hausawa suka raɗa wa suna mai saukar ungulu, shi dabam ne. Babbar farfela da ke juyawa bisa kansa ita ce ke ɗaga shi, yana iya tsayawa cik a iska, ya kuma sauka a filin da bai fi na ƙwallo ba. Lasinsa ma dabam ne da na mai fukafukai. Wanda ya ke da wancan ba shi da iznin tuƙa wannan sai ya yi horonsa, ya ci jarrabawarsa.

Lasin yana da matakai. Akwai na ɗalibi, wanda ke ba yaro iznin tashi shi kaɗai ƙarƙashin kulawar malaminsa. Akwai na kai-da-kai, wanda mutum ke tuƙi da shi ba don a biya shi ba. Sa'an nan akwai na sana'a, wanda da shi ne kaɗai a ke ɗaukar mutum aiki a biya shi albashi. Wannan na uku shi ne abin magana a nan.

Ba makaranta ke ba da lasin ba. Wannan magana ita ce kan gaba, a riƙe ta da kyau. Makaranta koyarwa ta ke yi, ta ba da takardar gama kwas. Lasin kuwa hukuma ce ke ba da shi, watau Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda a ke kira NCAA a taƙaice. Ta fara aiki cikin 2000, dokar da ta ke aiki da ita an sabunta ta cikin 2022, ƙa'idodinta kuma cikin 2023. Ita ma ba da ka ta ke yi ba. Tana bin ma'aunin Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Shikago ta Amurka cikin 1944, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 1960.

Bisa ma'aunin ICAO, mai neman lasin sana'a na helikwafta sai ya cika shekara 18. Sai ya yi awa 150 yana tuƙi a sama, ko awa 100 in a cikin shiryayyen kwas ne na makarantar da hukuma ta amince da ita. Cikin waɗannan, awa 35 shi ne mai jan ragamar jirgin, awa 10 na tafiya daga gari zuwa gari, awa 10 kuma na koyon tuƙi da kallon na'urori kawai. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Kowace ƙasa tana da ikon ƙarawa, don haka adadin da ke cikin ƙa'idodin NCAA shi ne abin bi.

2. ABIN DA A KE NUFI DA KARATUN ƘASA

Horon matuƙi kashi biyu ne. Akwai wanda a ke yi a sama cikin jirgi, akwai kuma wanda a ke yi a ƙasa cikin aji, da littafi da taswira da alƙalami. Wannan na biyu shi a ke kira karatun ƙasa. Shi ne ya fi araha, shi ne kuma mutane suka fi rainawa, alhali kuwa wanda bai ci jarrabawarsa ba, ko ya iya tuƙi kamar tsuntsu, ba za a ba shi lasin ba.

Fannonin da ICAO ta zayyana guda tara ne: dokokin sararin sama, sanin jikin jirgi da injinsa da na'urorinsa, lissafin nauyi da mai da shirin tafiya, sanin halin jikin ɗan Adam da iyakar ƙarfinsa, ilmin yanayi, ilmin gane hanya, ƙa'idodin gudanar da aiki, asalin yadda jirgi ke tashi, da maganar rediyo. Jarrabawarsu ba ta da sassauci. A Amurka sai ɗalibi ya sami 70 cikin 100, a ƙasashen Turai kuwa 75 cikin 100 a kowace takarda.

Ga misali daga gida, don a ga amfanin wannan karatu. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana bisa tudun da ya kai wajen ƙafa 1,560 daga teku. Iska in ta yi zafi sai ta yi shaƙaf, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Ran da zafin bazara ya kai digiri 40, jirgi da ke zaune a filin Kano ji ya ke kamar yana bisa dutsen da ya kusa ƙafa 5,000. Nauyin da ya ɗauka lafiya lau da asuba cikin hunturu, ba lalle ne ya iya tashi da shi da azahar cikin Afrilu ba. Matuƙi ba ya gane wannan da ido, sai da lissafi, lissafin kuwa a aji a ke koyonsa.

Haka kuma hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, ya kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa bambanta sama da ƙasa. Hadarin farkon damina, mai tasowa daga gabas da guguwa a gabansa, shi ma yana da alamun da a ke karantawa a rahoton masu duban yanayi. A ƙasa mai rairayi irin ta Babura kuwa, helikwafta in ya zo sauka, iskar farfelarsa ta kan ta da ƙura ta lulluɓe shi, matuƙi ya rasa ganin inda zai sa ƙafa. Duk waɗannan sai an san su tun a zaune.

3. ABUBUWA UKU KAFIN A BIYA KO KWABO

Na farko, likita. Lasin sana'a yana bukatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, kuma ba kowane likita ke ba da ita ba, sai wanda NCAA ta ba izni. Ana duba ido, har da iya bambanta launi, da kunne, da zuciya, da jini, da fitsari. Yaro yana iya girma bai san ba ya rarrabe ja da kore ba, sai ran gwaji. In an riga an sayar da gona kafin a gano haka, asarar ba ta da magani. Don haka a fara da likita. A kuma sani, takardar ba ta dindindin ba ce, duk shekara a ke sabunta ta.

Na biyu, takardun makaranta. Kwalejin Zariya tana neman kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, cikinsu har da Turanci da Lissafi da Fizis. Yaron da ya tsallake Lissafi da ƙyar zai sha wuya, gama karatun ƙasa kusan rabinsa lissafi ne.

Na uku, Turanci na baka. Da shi matuƙi ke magana da masu kula da zirga-zirgar jirage. ICAO ta kasa iya Turanci mataki shida, mafi ƙanƙantan abin da a ke karɓa shi ne mataki na 4, wanda ya tsaya nan kuma ana sake gwada shi bayan 'yan shekaru. Yaro yana iya cin Turanci a takarda amma ya kasa gane magana cikin ƙarar rediyo. Irin wannan gara ya ɗauki watanni yana gyara harshensa a gida, inda zama ba shi da tsada.

4. MAKARANTUN DA KE AKWAI

Mafi tsufa ita ce Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 1964 da taimakon ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya. Tana horar da matuƙa, da injiniyoyi, da masu kula da zirga-zirgar jirage. Ita ce mafi kusa da wannan yanki, wanda ya tashi daga Babura ko Kazaure da safe ta kan Kano zai isa a ranar. An fi saninta da horon jirage masu fukafukai. Akwai kuma Kwalejin Jiragen Sama ta Ilorin, wadda Gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. A Enugu akwai makarantar da aka keɓe don helikwafta, wadda Rundunar Sojan Sama ke da hannu a cikinta.

A shekarun baya kamfanin Bristow, mai jigilar ma'aikatan man fetur zuwa rijiyoyin teku, ya kan ɗauki samari da 'yan mata ya biya musu, su yi karatun ƙasa a Nijeriya, sa'an nan ya tura su makarantarsa a Fulorida ta Amurka su koyi tuƙi. Cikin waɗanda suka fito ta hannun wannan kamfani akwai Abimbola Jayeola, wadda cikin 2014 ta zama mace ta farko 'yar Nijeriya da ta kai muƙamin kyaftin na helikwafta. Wannan ya nuna abu biyu: ana iya yin karatun ƙasa a wuri guda a yi tuƙi a wani, kuma hanyar ba a rufe ta ke ga 'ya'ya mata ba.

Mutanen kan iyaka su lura, makarantar jiragen sama da ke Yamai, wadda a ke kira EAMAC, masu kula da zirga-zirga da masu duban yanayi da ma'aikatan na'urori ta ke horarwa, da Faransanci, ba matuƙa ba. Hanyar soja kuma dabam ce. Wanda ya shiga ta Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna soja ne, Gwamnati ke biya masa, ita kuma ke da ikon aikinsa.

5. TAMBAYOYIN DA ZA A YI WA KOWACE MAKARANTA

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a yanke shawara, a yi wa makaranta waɗannan tambayoyi, a kuma nemi amsa a rubuce.

(a) Shin hukuma ta amince da ita? Kowace halaltacciyar makaranta tana da takardar amincewa daga NCAA, mai lamba da ranar ƙarewa. A nemi gani, a rubuta lambar, a tabbatar da ita a ofishin hukumar. Rajistar kamfani ba ita ce amincewa ba, haka kuma hoton mai makaranta tare da manya.

(b) Shin amincewar ta haɗa da helikwafta? Nan ne a ke yawan faɗawa rami. Takardar tana ɗauke da jerin kwasa-kwasan da aka yarda makaranta ta koyar. Wadda aka yarda ta koyar da tuƙin mai fukafukai ba lalle ne an yarda mata da helikwafta ba. Fannoni kamar yanayi da dokoki da gane hanya kusan ɗaya su ke, amma asalin tashi da jikin jirgi sun sha bamban. Ɗalibin helikwafta sai ya san dalilin ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana jikin jirgin juyawa saɓanin babbar. Sai ya san abin da zai yi nan take in inji ya mutu: ya kwantar da kaifin farfela, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya ta, jirgin ya sauko a hankali maimakon ya faɗo. Malamin da bai taɓa tuƙa helikwafta ba, ba zai iya cusa wannan a zuciyar yaro yadda ya kamata ba.

(c) Su wane ne malaman? A tambayi sunan babban malamin karatun ƙasa, da lasinsa, da ko zaune ya ke a makarantar ko kuwa aro shi a ke yi lokaci lokaci.

(d) Awa nawa ne na zaman aji, ɗalibai nawa ne a aji guda? Don a sami ma'auni, a ƙasashen Turai shiryayyen kwas na lasin sana'ar helikwafta yana da awa 350 na karatun ƙasa. Wanda ya ce zai gama da yaro cikin mako biyu, haddar amsoshin jarrabawa zai ba shi. Hadda tana iya tsallakar da yaro jarrabawa, amma ba ta fid da shi daga cikin hadari.

(e) Ɗalibai nawa suka zauna jarrabawar hukuma daga makarantar a shekarar da ta wuce, nawa suka ci a zaman farko? Makaranta ta gari ba ta ɓoye wannan.

(f) Ina za a yi tuƙin, kuma yaushe? Sakamakon jarrabawar ƙasa yana da wa'adi. A Amurka wata 24 ne, a Turai wata 36 ga lasin sana'a. In wa'adi ya cika yaro bai gama tuƙi ba, sai ya sake zama. Saboda haka in makarantar tana da jirage, a tambayi nawa ne ke tashi a wannan mako, ba nawa ne ke ajiye a rumfa ba. In ba ta da su, a nemi rubutacciyar shaida daga makarantar tuƙin cewa za ta karɓi wannan karatu.

(g) Yaya a ke biya, kuma me zai faru in ɗalibi ya fita? A nemi a biya kashi kashi, cikin asusun makaranta a banki, a karɓi rasiɗi. Kada a zuba kuɗi a asusun wani mutum, ko da ya ce shi wakili ne.

Bayan duk wannan, gani ya kori ji. Uba ko wakilinsa ya taka da ƙafarsa ya ga aji, ya ga ɗakin kwana, ya keɓe da ɗalibai biyu ko uku ya tambaye su wata nawa aka ce musu za su yi, wata nawa kuma suka yi.

6. KARATU A ƘASAR WAJE

'Yan Nijeriya da dama sun koyi tuƙi a Afirka ta Kudu da Amurka. Wanda ya yi can, lasin waccan ƙasa zai samu. In ya komo, ba zai tuƙa jirgi mai rajistar Nijeriya don albashi ba sai NCAA ta inganta lasin ko ta musanya shi da nata, bayan ya cika sharuɗanta. Karatun ƙasa kuma ya kan bi dokokin ƙasar da za ta yi jarrabawa, don haka ba a karanta manhajar wata ƙasa a je a zauna jarrabawar wata ba tare da ƙari ba. Har wa yau kuɗin can da dala ko kuɗin ƙasar a ke biya, in darajar naira ta faɗi a tsakiyar kwas, abin da aka tanada sai ya gaza. Akwai kwasa-kwasan da a ke yi ta intanet. Suna da amfani don share fage, amma ba sa tsayawa a madadin makarantar da hukuma ta amince da ita, sai in hukumar ce ta ce sun tsaya.

7. MAGANAR KUƊI DA AIKI

Karatun ƙasa ɗan ƙaramin kashi ne na abin da za a kashe. Babban kashin yana cikin tuƙi, wanda a ke biya awa awa, awar helikwafta kuwa ta fi ta ƙaramin jirgi mai fukafukai tsada nesa ba kusa ba. Bayan lasin ma da saura. Kowane irin helikwafta yana da nasa izni da a ke rubutawa cikin lasin, aikin rijiyoyin teku kuma yana bukatar iznin tuƙi da na'urori. Mafi yawan aikin yana Kudu, wajen Ikko da Fatakwal da Warri, a kamfanoni irin su Bristow da Caverton. Lasin ba alkawarin aiki ba ne.

Saboda haka a yi lissafin tafiyar duka kafin a ɗaga ƙafa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ƙarfinsa bai wuce kuɗin karatun ƙasa ba, gara ya dakata ya nemi taimako ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa, ko ya sa ido ga sanarwar kamfanoni in suna ɗaukar ɗalibai. In tuƙi ya gagara, akwai wasu ƙofofi a wannan fage, kamar gyaran jirage da kula da zirga-zirga, waɗanda a ke koyarwa a Zariya, kuɗinsu kuma bai kai na tuƙi ba.

8. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Ana roƙon Hakimai, in uba ya zo da maganar sayar da gona ko shanu don wannan karatu, su tambaye shi abu uku kafin a shaida ciniki: ina takardar likita, ina lambar amincewar makaranta, ina lissafin kuɗin tuƙi har ƙarshe. In ɗaya babu, a ba shi shawara ya jinkirta. Su kuma faɗakar da Dagatai da Masu Unguwanni game da masu yawo suna karɓar kuɗi da sunan sama wa yara gurbi ko lasin. Gurbi a makaranta a ke nemansa, lasin kuwa a jarrabawa a ke cinsa. Duk wanda aka samu yana wannan, a kai maganarsa ga 'yan sanda.

Malamai kuma su lura da rubutu. Sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, da ta asali, da ta sakandare, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da fasfo. Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, ya isa ya tsai da yaro watanni a ofishin hukuma ko na biza. A ajiye kwafin kowace wasiƙa da aka aika wa makaranta da amsarta a fayil guda, da kwanan wata, don ran da za a neme su.

Hakimi ba shi ne zai zaɓa wa yaro makaranta ba, wannan hakkin yaron ne da iyayensa. Abin da ke wuyansa shi ne ya tabbata an yi tambaya kafin a yi biya, kuma gonar da za ta fita daga hannun gida ba ta fita a banza ba. Allah ya ba yaran ƙasar nan ilmi mai amfani, ya kuma taimaki shugabanni bisa riƙon amanar talakawansu, amin.